Ranar farko a filin golf: yadda sabon hannu zai zagaya ramuka a Yamai

Wanda ya yi makonni yana koyon bugu a wurin gwaji yakan ɗauka ya gama sanin golf. Ranar da ya shiga fili na gaske sai ya tarar da wani abu daban. Ƙwallo guda ce tak a gabansa, in ya ɓata bugu babu kwandon da zai ɗauko wata. Abokan wasa uku suna tsaye suna kallonsa, wani rukuni kuma yana tafe a baya yana jiran ya gusa. Nan ne gaban mutane da yawa ke faɗuwa, wasu ma daga ranar ba su ƙara komowa.

Abin yana damuna, domin tsoron ba shi da tushe. Babu tsohon ɗan wasan da ke jiran sabon hannu ya iya a ranarsa ta farko. Abin da suke so gare ka shi ne kada ka tsare musu hanya, kada ƙwallonka ta ji wa kowa, kuma ka bar fili yadda ka same shi. In ka riƙe wannan, ko bugu goma kake yi a kowane rami, za su sake gayyatar ka.

Kafin ka sa rana

Filin da aka fi sani a kewayen Yamai shi ne na Rio Bravo, a wajen gari kan hanyar Tillaberi, kusa da kogin Isa. Ka tuntuɓi masu kula da wurin tun da sauran kwanaki. Ka tambayi kuɗin shiga fili, kuɗin hayar sanduna in ba ka da naka, da abin da aka saba ba kadi, wato mai ɗaukar maka jaka yana nuna maka hanya. Ka gaya musu kai tsaye cewa karon farko ne, don su zaɓa maka lokacin da fili ba cunkoso.

Cikakken zagaye ramuka 18 ne. Adadin ya samo asali daga St Andrews ta ƙasar Sikotland, inda a 1764 aka rage ramukan filin daga 22 zuwa 18, daga baya sauran duniya ta bi. Mutum huɗu kan ɗauki kusan awa huɗu kafin su gama, kuma tafiyar ƙasa takan haura kilomita 6. Shawarata ita ce ka tsaya a ramuka 9. Awa biyu sun ishi jikin da bai saba ba, kuma gara ka fita kana marmarin ƙari da ka fita kana jan ƙafa.

Lokaci mafi daɗi shi ne na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk da ƙurar hunturu kan sa ƙwallo ta ɓace wa ido a sama. A Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, ka fara da sassafe bayan gari ya waye ka gama kafin hantsi ya take, ko ka bari sai bayan la'asar. Mai azumi kuma ya ɗaga ranar farkonsa zuwa bayan salla.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka nemi wanda ya san wasan kuma yake da haƙuri, ko da ba gwani ba ne.

Kayan da za ka ɗauka

Doka ta yarda da sanduna har 14 a jaka, amma sabon hannu ba ya buƙatar ko rabinsu. Sanda ɗaya mai kai nesa wadda ka saba da ita, sandunan ƙarfe masu lamba 7 da 9, wej guda don ɗaga ƙwallo a kusa, sai pota ta gangarawa cikin rami. Direba, wadda ita ce mafi tsawo, ita ce kuma mafi wuyar sarrafawa. In ba ta miƙe maka a wurin gwaji ba, bar ta a mota.

Ka ɗauki ƙwallaye kamar goma, tsofaffi masu araha, ka sa wa kowace alama da alƙalami mai kauri don ka gane taka. Ka zuba ƴan turakun ɗora ƙwallo a aljihu, da fensir, da tsabar dala biyar ko dala goma don alamar wurin ƙwallo kusa da rami. Tufafi: riga mai kwala, wando mai sauƙi, hula mai baki, da takalmi rufaffe mai kauri. Silifa ba za ta yi ba, domin da zarar ka ratse hanya ƙarangiya da ƙayar aduwa suna jiran ka. Ruwan sha kuwa kada ya gaza lita biyu, da ɗan dabino ko gyaɗa.

Da ka iso

Ka zo da sauran minti arba'in kafin lokacinka. Ka biya, ka karɓi katin lissafi, ka karanta bayansa, don a nan ake rubuta dokokin da suka keɓanta da kowane fili. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wajenmu. A filayen Sahel, inda ruwan ban ciyawa ke da tsada, ba koriyar ciyawar da ake gani a talabijin za ka taka ba. Ƙasa ce da rairayi. A irin waɗannan filaye akan yarda ɗan wasa ya riƙe ƴar tabarmar ciyawar roba, ya ɗora ƙwallo a kai in ta faɗi cikin hanyar da aka shata. Ka tambaya ina aka yarda a yi amfani da ita, ina aka hana.

Daga nan ka gaisa da kadinka da kyau, ka tambayi sunansa, ka ce masa: "Ɗan'uwa, yau na fara shiga fili. Ka sa mini ido a kan ƙwallo, in na yi abin da ba daidai ba ka gaya mini." Yawancin kadi sun fi waɗanda suke ɗaukar wa jaka sanin filin nesa ba kusa ba. Sun san inda iska ke karkatar da ƙwallo da inda ƙasa ke gangarawa. A doka ma, in ana lissafi na gaske, kadinka da abokin ɓangarenka da kadinsa kaɗai aka yarda ka nemi shawararsu kan sandar da za ka ɗauka. Tambayar nisa kuwa kowa za ka iya yi wa.

Ka miƙe jiki, ka buga ƙwallo kamar ashirin da ƙananan sanduna, ka gangara wasu da pota. Kada ka ƙarar da ƙarfinka tun kafin a fara.

Bugun farko

Kowane rami yana da mafari, inda za ka ga alamomi biyu-biyu masu launi daban-daban. Na gaba sun fi kusa da rami, na baya na gwanaye ne. Ka zaɓi na gaba, babu kunya a ciki. Ƙwallonka za ta zauna tsakanin alamomin biyu ko bayansu, har zuwa tsawon sanda biyu, amma ba gabansu ba.

Idan wani ke bugu, ka tsaya can gefe ta wajen da fuskarsa ke kallo, nesa da inda sandarsa za ta kai. Kada ka tsaya gabansa, kada ka tsaya daidai bayan ƙwallo. Ka yi shiru, ka daina motsi, wayarka ta kasance a kashe ko a shiru. Ka bi ƙwallonsa da ido har ta tsaya. Wannan ƙaramin taimako ne da ake jin daɗinsa sosai.

In layi ya zo kanka, fara duba gaba. Muddin akwai mutum inda ƙwallonka za ta iya kaiwa, ko ɗan wasa ne, ko makiyayi da awakinsa, ko yaro mai wucewa, ka dakata. Ƙwallon ba ta wuce giram 45.93 ba, amma tauri gare ta kuma da gudu take fita, tana iya fasa kai ko ido. Idan ta kuɓuce ta nufi mutane, ka ɗaga murya iya ƙarfinka ka ce "Fo!" ko "Bal!" yadda masu Faransanci ke faɗa. In kai ne ka ji kiran, kada ka ɗaga kai neman ta. Ka juya baya, ka sunkuya, ka rufe kanka da hannu.

Sai bugun kansa. Ka tsaya bayan ƙwallo ka zaɓi abu guda da za ka nufa, kamar wata goruba ko wani gawo da ke can nesa. Daga nan ka nemi wani ɗan abu a ƙasa, tsakuwa ko busasshen ganye, kamar taku ɗaya gaban ƙwallo a kan wannan layi. Shi za ka saita fuskar sanda da shi, don ya fi sauƙi a saita da abin da ke kusa. Ka gwada lilo sau ɗaya, ka ja numfashi, ka buga da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka. Kusan duk ɓarnar bugun farko daga son a burge take zuwa: mutum ya danƙe sanda kamar zai karya ta, ya fizga, ya ɗaga kai kafin sanda ta taɓa ƙwallo. Sassauta riƙo. Bar idonka a bayan ƙwallo har ta tafi, neman inda ta faɗi aikin kadi ne.

Idan ka yi niyyar bugu sanda ta wuce ba ta taɓa ba, an lissafa bugu ɗaya. Idan kuwa ƙwallo ta zame daga kan turke kafin ka kai bugu, mayar da ita kawai, babu tara, wato ƙarin bugu na hukunci. Duk wanda ke tsaye a wurin ya taɓa yin waɗannan. Ka gyara tsayuwa ka sake.

Daga mafari zuwa rami

Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai gama shi da shi, wanda ake kira par: 3 ga gajere, 4 ga matsakaici, 5 ga dogo. Wannan lissafin gwanaye ne, ba naka ba ne tukuna.

Ga yadda nake so ka yi tunani. A ce rami mai par 4 yana da tsawon mita 330, kai kuma sandarka mai lamba 7 tana kai maka mita 110 a miƙe. Bugu uku da ita sun kai ka bakin rami. Ka ƙara biyu ko uku na gangarawa, ka gama da 5 ko 6. Wanda ya zaro direba ya tura ƙwallo cikin sabara, ya yi biyu kafin ya fito, yakan gama da 8 ko 9. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ƙara bugu biyu a kan par a kowane rami na fili mai par 72 zai tashi da 108, kuma wannan ba abin raini ba ne ga mai shekara guda a wasan, balle mai kwana ɗaya.

Amma taka-tsantsan a zaɓen sanda daban, nawa a tafiya daban. A al'ada wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke fara bugu. Dokokin da R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf a duniya, suka sabunta a 2019 sun ƙarfafa cewa a wasan lissafin bugu duk wanda ya shirya ya buga, in dai babu haɗari, kuma sun ba da shawarar kada bugu ya ɗauki fiye da daƙiƙa 40. Don haka ka yi tunanin sandarka tun kana tafiya, ka isa wurin ƙwallo a shirye. Idonka ya kasance kan rukunin da ke gabanku. In sun yi muku nisa da rami guda, na baya kuma suna tsaye suna jira, ku koma gefe ku ɗaga musu hannu su wuce.

Ga wata shawara da na fi ba muhimmanci. Tun a mafarin farko ka ce wa abokan wasanka: "Alhaji, in na ninka par ban shiga rami ba, zan ɗauki ƙwallona mu ci gaba." Wato bugu 6 a gajeren rami, 8 a matsakaici, 10 a dogo. Ba guduwa ba ce. Dokokin 2019 ma sun amince da salon wasa mai iyakar bugu, kuma lissafin Stableford, wanda aka fara gasa da shi a 1932 a Wallasey ta Ingila, a kan wannan tunani yake: par maki 2, ƙarin bugu ɗaya maki 1, abin da ya wuce haka babu maki, sai ka ɗauka ka tafi na gaba. Rami ɗaya da ya lalace ba zai ɓata maka yini ba.

Idan ƙwallo ta shiga matsala

Tushen dokar tun daga sharuɗɗa 13 da aka fara rubutawa a Leith ta Sikotland a 1744 bai sauya sosai ba: ka buga ƙwallo daga inda ta kwanta. Sauran duk bayani ne na lokacin da hakan ba zai yiwu ba. Kaɗan daga ciki sun ishe ka a yau.

Minti uku aka ba ka na neman ƙwallon da ta ɓace. In ba a gan ta ba, ko ta fita bayan fararen turaku masu nuna iyakar fili, ka ƙara bugu ɗaya na tara ka sake daga inda ka buga. Misali in bugun mafari ne ya ɓace, wanda za ka sake shi ne na uku. Don kada ka yi doguwar komawa, da zarar ka ga ƙwallo ta nufi daji ka faɗa a fili cewa za ka buga ta wucin gadi, ka buga wata. In an ga ta farko cikin fili, da ita za ka ci gaba.

Jajayen turaku da masu ruwan ɗorawa suna kewaye wuraren tara, kamar tafki ko kwazazzabo. Kana iya bugawa daga ciki ba tara in za ta bugu. In ba za ta bugu ba, ka ɗauki tara ɗaya ka fito. A wurin jan turke an yarda ka saki ƙwallo cikin tsawon sanda biyu daga inda ta ƙetara iyaka, ba tare da ka matso kusa da rami ba. Sakin ƙwallo kuma daga tsayin gwiwa ake yi.

In ta shige ƙarƙashin magarya ko cikin ƙaya, kai ne mai ikon cewa ba ta buguwa. Tara ɗaya, ka saki cikin tsawon sanda biyu. Ka yi hakan ba jayayya, ya fi ka yage hannu. Amma in maciji ne, ko gidan rina ko zuma ke kusa da ƙwallon, doka ta ba ka damar matsawa wuri mai aminci kyauta. Kuma kada ka taɓa cusa hannu cikin duhuwa ko rami don ɗauko ƙwallo, yi amfani da sanda.

Tsakuwa, karmami da kashin dabbobi kana iya kawar da su daga kusa da ƙwallo, sai dai in ta motsa saboda haka akwai tara ɗaya, ka mayar da ita. A cikin kwarin rairayi da aka gina don tarko, kada kan sandarka ya taɓa rairayin da ke gaba ko bayan ƙwallo kafin bugu. In ka fito, ka share sawunka.

A bakin rami

Nan ne filin rairayi ya fi bambanta da na ciyawa. Maimakon lallausar ciyawa da ake kira girin, za ka tarar da da'irar rairayi mai duhu da aka tankaɗe aka daddaɓe, wadda ƴan wasa ke kira birawun. A wurare da yawa ana cuɗa rairayin da mai don iska kada ta kwashe shi. Ƙwallon da ta faɗo daga sama takan nutse kaɗan ta tsaya kusa da inda ta sauka. Ƙasar da ke kewaye kuwa in ta bushe tauri gare ta, ƙwallo na iya tsalle ta wuce. Saboda haka in kana kusa kuma babu abin da ya tare, kada ka wahalar da kanka da ɗagawa. Ka gangaro da ita a ƙasa da lamba 9 ko ma da pota.

Da ƙwallo ta hau birawun, ka ajiye tsabarka a bayanta, ka ɗauke ta ka goge. Kadi zai ja abin shara ya lallashe maka hanya daga wurin ƙwallo zuwa rami. Ka jira ya gama, ka mayar da ita daidai inda take. Kada ka taka hanyar da aka share wa wani, kada inuwarka ta faɗa kanta, kuma ka ɗaga ƙafa in kana tafiya, ban da ja.

Faɗin ramin milimita 108 ne. Daga nesa kada ka sa ran shiga. Ka yi nufin ƙwallo ta tsaya cikin taku ɗaya daga rami, ta biyu ta shiga. A kan rairayi ƙwallo ta fi saurin mutuwa, kuma ba ta karkata sosai, don haka kuskuren sabon hannu shi ne bugu mai rauni da ke tsayawa rabin hanya. Ka buga da niyyar ta ɗan wuce. Motsin daga kafaɗu yake fitowa, wuyan hannu ba ya lanƙwasa. Tun 2019 an yarda a bar tuta cikin rami ana gangarawa, sai ka tambayi abokan wasa yadda suka fi so. Da kowa ya gama, ku bar wurin nan take. Lissafi a mafarin rami na gaba ake rubuta shi.

Jiki da sama

Ka kurɓi ruwa a kowane mafari ko ba ka jin ƙishirwa. In kai ya fara sarawa, ko jiri ya ɗebe ka, ko ka ga zufa ta ɗauke alhali rana na dukan ka, ka tsaya nan take, ka shiga inuwa, ka jiƙa kai da wuya, ka gaya wa abokan tafiya. Da damina kuma, in ka ga hadari ya haɗo daga gabas da jar ƙura a gabansa, ko ka ji tsawa, ka ajiye sanduna ka nufi gini ko mota. Gindin itace guda a tsakiyar fili shi ne wuri mafi haɗari. Doka ta ba kowane ɗan wasa ikon dakatawa in yana tsoron walƙiya, ba sai ya jira izinin kowa ba.

Ramin ƙarshe

In ƙwallon ƙarshe ta shiga, ka cire hula ka gaisa da kowa, ka yi wa wanda ya kawo ka godiya. Ka sallami kadi da hannunka, in ya yi maka ƙoƙari ka ƙara masa a kan abin da aka saba, ka kuma riƙe sunansa don ka neme shi karo na gaba. Ka ƙirga sanduna kafin ka bar wurin, domin wej da pota su aka fi mantawa a gefen birawun.

Ka faɗi adadin bugunka yadda yake, har da tara da wanda sanda ta wuce a banza. A golf babu alƙalin wasa da ke bin kowa, mutum shi ke kai ƙarar kansa. In ka ci gaba za ka nemi handikaf, ma'aunin da ke ba sabo damar karawa da tsohon hannu. Tsarin duniya da aka fara a 2020 ya kai iyakarsa 54, don haka akwai wurin masu farawa a ciki.

Kafin ka kwanta, ka ɗauko katin ka duba abu biyu: sau nawa ka gangara a kowane rami, da ƙwallaye nawa suka ɓace kuma da wace sanda. In gangarawa ta kai uku-uku ko huɗu-huɗu, rabin lokacin gwajinka na mako mai zuwa na pota ne. In sanda ɗaya ce ta ɓatar da yawancin ƙwallayen, ka fitar da ita daga jaka har sai wani malamin wasa ya duba maka riƙonka da tsayuwarka.